Wa Zai Juya Inna

A gida Auta ake ce mata, duk da furfura ta fara leƙowa a gefen kunnenta. A wurin aiki kuwa Doguwar Sista, don sai ta ranƙwafa sosai kafin hannunta ya kai ga mai jinya. Ta daɗe tana aikin nas a wani asibitin kuɗi, har ranar da mai asibitin ya rufe ƙofa ya yi tafiyarsa. Ta dawo gida ta zauna. Ba a jima ba mahaifiyarta ta faɗi a bakin banɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye.

Sai zaman nata ya yi rana. Ita ke yi wa Inna wanka, ita ke shafa mata mai, ita ke juya ta daga wannan gefe zuwa wancan duk bayan awa biyu, ta cusa matashi tsakanin gwiwoyinta. Mutumin da ya daɗe a kwance, in ba a juya shi, fatar bayansa mutuwa take yi ta ɓarke ta zama gyambo, gyambon da ba ya jin magani. Ba abin da Auta ke tsoro kamarsa. Ta sha ganin yadda yake cin mutum har ƙashi.

Bakin Inna ya karkace, amma bai mutu ba.

"Ke kam sai ka ce mai gasa nama," take cewa in ana juya ta. "Wannan gefen ya nuna ne?"

"Saura kaɗan, Inna. Riƙe wuyana."

Ana cikin haka aiki ya zo mata ta hanya biyu a lokaci guda. Na farko ƙaramin asibitin sha-ka-tafi ne a ƙarshen layinsu: awon jarirai, allura, wankin ciwo, kafin la'asar an tashi. Daga tagarsa ana hango rufin gidansu. Sai dai abin da za su ba ta ko maganin Inna ba zai riƙe ba. Na biyu babban asibiti ne can ƙetaren gari, ɗakin kwanciyar mata, aikin safe da na rana da na dare bi da bi.

Yayanta, direban babbar mota ne wanda bai cika kwana a gida ba, shi ya fara magana.

"Duk karatun nan naki a kan sikelin jarirai zai ƙare? Ki je babban. Ga matata nan a gida, hannu biyu gare ta kamar kowa."

Matar Yaya ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki nuna min kawai, Sista, zan iya."

Auta ta kai maganar gaban Inna, tana fatan tsohuwar ta riƙe ta. Inna ta dube ta.

"Je ki mana. Tsoro kike in gudu kafin ki dawo? Inda kika ajiye ni nan za ki tarar da ni."

Ta karɓi babban. Kafin ta fara, ta koya wa matar Yaya komai: inda ake sa hannu, yadda ake jan zanin gado don kada fata ta goge, wuraren da ake dubawa, ƙugu da dunduniya da kafaɗa.

Ɗakin da aka kai ta dogo ne, gadaje jere hagu da dama, yawancinsu tsofaffi irin Inna. Ma'aikata ba su isa ba. Auta ta juya uwar wannan, ta goge kakar wancan, ta canja zanin da aka ɓata, ta ruga wurin wadda ledar ruwanta ta ƙare. Ba a taɓa samun gyambo a gadajen da take kula da su ba, har Babbar Sista mai ɗakin na nuna ta ga sababbi. Ranakun hutun da ta ci buri a kansu kuwa, ko dai wata ta yi rashin lafiya a ce ta riƙe mata, ko barci ya cinye su. Takan sauko daga mota ƙafafunta a kumbure, ta tsaya a ƙofar ɗakin Inna da jaka a kafaɗa.

A asibiti, in za ka tashi aiki, wanda ya karɓe ka tambayarka yake yi, ka faɗa masa abin da aka yi, ya yarda da kai. Da haka aikin ke tafiya. Wannan ɗabi'ar ce ta biyo Auta gida ba ta sani ba.

"Anti, an juya ta?" take tambayar matar Yaya.

"An juya ta, Sista."

"An goge ta?"

Sai Inna ta amsa daga gado, "An goge ni har na gaji. Dubi idonki kamar garwashi. Je ki kwanta, kar ki faɗo min a ka."

Auta ta taɓa goshinta, ta ji ba zazzaɓi, ta wuce.

Abin da ba ta sani ba, Inna ba ta yarda surukarta ta ga tsiraicinta. Da matar ta kai hannu ga zanin, sai tsohuwar ta damƙe shi da hannunta mai lafiya, ta ce a bari sai Auta ta dawo. Matar Yaya kuma kunya ta hana ta yin gardama da uwar mijinta. Sai ta gyara matashi, ta karkata kafaɗun kaɗan, ta goge fuska da hannaye da ƙafafu. A ganinta an juya ke nan. In Auta ta dawo, Inna ta ga yadda take tangaɗi, sai ta ɓoye mata.

Wata safiya Auta ta dawo daga aikin dare, ta sunkuya za ta gaishe ta, sai hancinta ya kama wani wari. Warin da ta sani ne. Ta ajiye jakar a ƙasa, ta sa hannu ta mirgina Inna, ta ɗaga zanin. Ramin da ke ƙasan ƙugun zai ɗauki dunƙulen hannun yaro, bakinsa ya yi baƙi.

Matar Yaya ta fashe da kuka a bakin ƙofa. Auta ta sauke zanin. Ta zauna a gefen gadon, hannunta a kan bayan uwarta.

"Inna, me ya sa?"

"Kin gaji ne, 'yar nan. Kullum kin gaji."

A ranar aka kai Inna babban asibitin, aka ba ta gado a ɗakin da Auta ke aiki. A cikin baƙin cikin ma sai ta ji wani ɗan sanyi: yanzu dai hannunta zai koma kan uwarta. Ta sa safar hannu, ta turo teburin wankin ciwo. Babbar Sista ta tare ta a tsakiyar ɗaki.

"Doguwa, kin san ƙa'ida. Ba a barin mutum ya yi jinyar nasa. Hannu rawa yake yi. Daga gobe kin koma ɗakin yara."

"Ranki ya daɗe, ni na fi kowa sanin jikinta."

Babbar Sista ta dubi gadon, ta dube ta, ta girgiza kai. Auta ta cire safar.

Gyambon bai cike ba. Likita ya yanke ruɓaɓɓen naman, ya sake yankewa, daga baya ya daina faɗin ranar sallama. Inna ta rage magana, tsokanar ma ta bar ta.

Yanzu Auta na ɗakin yara, a bene na sama. In lokacin ziyara ya yi kuma aiki ya sake ta, takan sauko da fararen kayanta ta shiga cikin 'yan dubiya masu kwanuka da ledoji. Wani lokaci tana isa ake jan labule a kewaye gadon, wata yarinyar nas ta leƙo ta ce, "Sista, ki ɗan jira a waje, za mu juya ta." Sai ta koma baranda ta jingina da bango, tana jin nishin Inna ta bayan labule, tana gane daga sautinsa cewa ba su ja zanin daidai ba.