Ranar da Tafinta Ya Rikice

Da tsintsiya ya fara aiki a asibitin, yana sharar baranda. Turancinsa kuwa tsince-tsince ne: kaɗan daga rediyo, kaɗan daga kwalin magani, sauran daga bakin baƙin likitoci masu zuwa su yi shekara biyu su tafi ko gaisuwa ba su iya ba. Wata rana wani likita ya rasa mai gaya wa wata tsohuwa yadda za ta sha ƙwayoyinta, ya leƙo baranda ya yafito shi. Tun daga ranar aka karɓe tsintsiyar aka ba shi farar riga, sunansa ya ɓace, kowa sai Tafinta.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tsaye tsakanin teburin likita da kujerar mara lafiya. Akwai wata 'yar kalmar Turanci mai nufin "yin magana" da ya sani kamar yunwar cikinsa. Da ita likitoci suke hira, da ita suke lacca, da ita suke gulma. Amma in likita ya ture fayil gefe ya jawo ta ya ce ya kamata a yi magana, to labarin ba daɗi. A nan Tafinta yake nuna gwanintarsa. Likita zai jefo maganar tsirara, shi kuwa sai ya sassauta murya ya sa mata riga kafin ya miƙa. "Saura wata shida" sai ya koma "a dage da magani, a kwantar da hankali". Bai taɓa ɗaukar wannan ƙarya ba, tausayi yake kiransa. Aibinsa ɗaya, bakinsa ba ya riƙe abu. Kullum ya dawo gida sai ya zayyana wa matarsa tana kan keken ɗinki, har da kwaikwayon murya, yana jiran yabo.

Sai ga ƙari ya fito wa matar tasa a wuya. Aka yanki ɗan kaɗan aka aika gwaji, aka ce su dawo bayan kwana goma. A kwana goman nan Tafinta ya rame fiye da mai ciwon, don tsoro ya kama shi sosai.

A bakin ƙofar likita matar tasa ta riƙe masa hannun riga ta ce, "Baban yara, abin da likita ta faɗa shi za ka faɗa min. Ban da kwaskwarima."

Likitar, wata doguwa mai gilashi, ta ture fayil gefe ta ce ya kamata su yi magana. Tafinta ya dafa tebur. Ashe wuri kawai take nema ta ajiye kofin shayinta. Ta ce ƙarin ba ciwon daji ba ne, aikin rabin awa ne, a cire a sallame ta ran nan. Ya sa ta maimaita har sau biyu kafin numfashinsa ya dawo.

Ya juya wajen matarsa, sabo ya riga shi buɗe baki. Ya sassauta murya ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, ba wani abu ba ne."

Ta dube shi ta ce, "Wata nawa?"

"Wata nawa me?"

"Wata nawa ya rage min? Na san muryar nan. Ita ka yi wa direban nan mai ciwon hanta, kai da bakinka ka gaya min."

Ya soma rantsuwa, ta ce kada ya ɗauki zunubi saboda ita. Ta gyara zama ta shiga wasiyya: keken ɗinki a ba ƙanwarta, yadin mutane da ke cikin akwati a mayar wa masu shi. Duk kalmar da ya lalubo sai ya tarar ya taɓa rarrashin wani mai mutuwa da ita, kuma ya kai labarin gida.

Nan fa ya rikice. Ya juya wa likitar ya zazzage mata Hausa: "Ke ma ki gaya mata mana, kin zauna kina kallona!" Ya juyo wa matarsa ya dinga zuba mata Turanci, yana nuna wuyanta, yana nuna takarda, hawaye na bin gemunsa. Matan biyu suka yi ta kallonsa, babu wadda ta gane ko kalma ɗaya.

Matarsa ce ta fara dariya, tana dafe da wuya don kada ya yi zafi. "Ya isa, baban yara, na yarda," in ji ta. "Da mutuwa ce, da ka iya tsara ta tsaf. Labari mai daɗi ne ba ka saba ba."

Ya sulale ya zauna a kan kujera, yana jin kamar an sauke masa buhu daga ka. Likitar ta tambaye shi me matar ta ce. Ya share fuska da hannun farar rigarsa, ya fassara mata kalma bayan kalma, bai ƙara ba, bai rage ba.