Igwar Malam Bukar

Ni dai tun ina yaro bakina ya fi hankalina sauri, kuma a kakar shekara ta biyu da fara yaƙin basasa bakin nan ya kusa sa a kashe mutum biyu. Aji biyu na yi a makaranta na gudu, sai aka ɗora mini gadin tsuntsu a gonar shinkafarmu ta fadama, gabas da Haɗejiya. Wuni nake a kan rumfa ina kaɗa gwangwani. A lokacin an hana kunna fitila a waje, ana ta raɗe-raɗin jirgin abokan gaba zai iya zuwa ya sako bom.

Wata rana bayan magariba, wata ya fito fal, na hango mutum biyu a kan tudun bakin ruwa: Malam Bukar na firamare, wanda ya sha zane ni, da Sale mai hoto na bakin kasuwa. Sun kafa wani dogon bututu a kan ƙafafu uku, bakinsa na kallon sama, Sale yana kunna tocila mai jan ƙyalle yana kashewa. Ashe agogo yake dubawa. Ban tsaya tambaya ba, na keta taɓo har ƙofar Baffa Haruna, mai unguwarmu, na ce na ga igwa, na ga masu kiran jirgi. Ban ce babu haushin bulala a ciki ba.

Kafin isha'i masunta da manoma sun kewaye su da gora da mashin kifi, ni kuwa ina gaba kamar wanda ya ci yaƙi. Malam Bukar ya ce, "Baffa, madubin hangen nesa ne. Wani tauraro da Turawa suka harba zai ratsa ta fuskar wata, hotonsa muke so. Ku ba ni tsawon raka'a biyu." Aka tsaya jira, kwaɗi na ta kuka. Can sai ga wani ɗan haske ya taso daga yamma yana tafiya, babu ƙara, ya nufi wata. Wani ya ce ga jirgin sun kira, gorori suka ɗaga. A nan na gane fitowar abin ita za ta halaka su.

"Sale, cire kyamarar daga gindin bututun," in ji Malam. Sale ya ce, "Malam, wata uku muna jiran wannan dare." Malam ya ce, "Cire dai." Ya kamo hannun Baffa ya sa masa ido a gindin bututun. Hasken ya shige cikin hasken wata ya ɓace, sannan ya ɓullo ta gabas ya wuce abinsa. Baffa ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Wani ɗan ƙuda ne ya gilma. Amma jama'a, ashe watan nan duk ramuka ne, kamar fadama bayan shanu sun taka." Aka zubar da gora aka shiga layin leƙe. Hoto kam bai samu ba, kuma kafin damina aka yi wa Malam canjin gari.

Yau jikokina a waya suke nuna mini irin hoton, fes, amma fitilun gari sun cinye taurarin, babu mai ɗaga kai. A wancan daren ni kaɗai na ƙi leƙawa, na raɓe bayan jama'a. Malam yana naɗe kayansa ya dube ni ya ce, "Kai da ka riga kowa gani, Audu, me ya hana ka zo ka ce in nuna maka?"