Hausar da 'yata ta iya

Shekarun baya, muna zaune a Dagenham can ƙasar Turawa, wasu iyaye suka buɗe ajin Hausa na ranar Asabar a Stratford. Gurbi kaɗan, yara rututu. Malamar ta ce ta ari tsarin makarantun Ireland ne, inda ake fara ɗaukar yaron da ke jin yarensu tun daga gida. Na cike form, na rubuta cewa da Hausa muke magana a gida. Allah Ya yafe mini.

'Yata tana shekara shida. Duk sanda mahaifiyata ta kira daga Kano, sai dai su yi ta kallon juna a waya. Abin yana ci mini rai, shi ya sa na ƙwallafa rai a kan gurbin nan.

Mako guda ina yi mata hadda: ina kwana, lafiya lau, sunana kaza. Kiwon ranar sallah ke nan.

Ranar interview, gurbi ɗaya ya rage. Malama ta tsallake duk haddarmu, ta ce, "'Yan mata, me kika ci da safe?"

Yarinya ta juyo ta kalle ni. Malama ta sake tambaya. Yarinya ta amsa da Turanci tana murza gefen rigarta. Na ga malama ta jawo form ɗin, ta cire murfin biro.

"To, wace magana Mama take yi miki da Hausa a gida?"

Sai 'yata ta miƙe, ta riƙe ƙugu, ta zare ido: "Ke! Wallahi idan na taso sai jikinki ya gaya miki! Don ƙaniyarki!"

Hausa tsantsa, har da muryata. Na rasa inda zan sa kaina.

Malama ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Hajiya, wannan kam ba hadda ba ce. An yi confirming, ta zo ranar Asabar."

Mun samu gurbi, amma a jirgin ƙasa muna komawa gida sai tunani ya ishe ni. Ashe lallashi da wasa da "sannu da ƙoƙari" duk da Turanci nake yi mata, Hausa kuwa sai raina ya ɓaci.

Yau ita da kakarta suna hira har sai caji ya ƙare. Amma har gobe ina jin ciwon abin da ya faru da muka isa gida ran nan. Na sassauta murya na ce, "Zo ki zauna kusa da ni, 'yar albarka."

Ta toge a bakin ƙofa, ta tambaye ni da Turanci laifin me ta yi.