Robar da Ban Tsawaita Ba

A shekarun fari da yunwa, lokacin da sojoji ke mulki, ina da garaji a unguwar Banifandu: rumfa ɗaya, rami ɗaya, sai ni, babban injiniya mai aji huɗu na lakwal, wato boko.

Wata safiya taubashina ya kawo tsohuwar motarsa kat-kat. Ita ce dukiyarsa kaf. Ya samu aikin kai hatsin taimako ƙauyensu, can bayan Tawa, inda hanya rairayi ce da kwazazzabai.

"Kai bawana, ɗaga min ita. Cikinta na sharar ƙasa."

"Sai ka durƙusa ka gaida ubangidanka tukuna," in ji ni.

Na ƙara mata lam, wato faifayen ƙarfen nan masu ɗaukar nauyi, ta miƙe kamar raƙumi. To, tsakanin shasi, wato ƙashin jikin mota, da sandar ƙarfen tayoyin baya akwai wata roba, girman dunƙulen hannu, muna ce mata bute. Ita ke tare duka in mota ta faɗa rami, kafin lam su lanƙwashe fiye da kima. Wanda ya ɗaga mota dole ya tsawaita robar. Na san haka sarai, har na yanko tsohuwar taya zan yi mata ƙari. Sai na hau bayan motar na yi tsalle sau uku, da ɗan nauyina na shekarar yunwa. Ko gezau. Nan take na yanke hukunci cewa ƙarin ɓata lokaci ne.

Taubashina ya leƙa ƙasa ya ce, "Wannan tazarar fa? Hannuna na shiga har gwiwa."

"Ni da kai wa ya san faransanci?"

Ya yi dariya ya ja motarsa.

Buhu kawai na lissafa a kaina, na manta da mutane. A shekarar nan babu shofer mai wuce tsohuwa a bakin hanya bai ɗauke ta a motarsa ba. Bayan Dogondutsi ya faɗa wani rami da kaya da jama'a, lam suka karye gaba ɗaya, shasi ya tsage. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Buhunan aka juye a wata mota mai zuwa wani gari, ƴan ƙauyensu suka yi ta jira. Motar kuwa maƙera suka saye ta.

Shayi ya koma sayarwa a unguwar Maure. In na je sai ya zuba min ya ce, "Laifina ne, na cika mata mutane."

Shekara goma sha ina shan shayin nan ina gyaɗa kai. Har ya rasu ban gaya masa ba.