Bencin da Baba Ya Yi Ta Rabawa

Ku matso ku ji, jama'a. Jiya na ga shatin ƙafafun benci a simintin cocinmu na Tudun Ƙofa, sai Baba mai bishara ya faɗo mini a rai.

Duk inda ya buɗe sabon coci, yakan tura iyali guda daga cikinmu da benci biyu. Da ya tura 'yata Rahila zuwa garin Panda, na ce, "Baba, za ka ƙarar da mu!"

Ya ce, "Maman Rahila, za su dawo ninki."

Cocin Panda ya haifi na Gitata, amma ba wanda ya dawo. Rahila ta tsufa can. Baba ya rasu. Mu huɗu muka rage, za a rufe cocinmu bayan Kirsimeti. Ubangiji, ka kira ni kafin ranar.