Awa Ɗaya Tsakaninmu da Gao

Duk shekara idan sanyi ya fara ja da baya a nan ƙasar turawa aka ce a tura agogo gaba da awa ɗaya, sai hankalina ya tashi. Kai mai karatu kana iya cewa mene ne abin damuwa a murɗa agogo. Bari ka ji.

Ina da shekara goma muka baro Salford muka koma wani ɗan fulat a Perry Barr, bayan an rage ma'aikatan ƙaramar hukuma, raguwar ta haɗa da Abbanmu. A shekarun nan komai rufe shi ake yi. Da aka rufe laburaren unguwarmu aka yi gwanjon kayansa, Abba ya sayo mini ƙwallon taswirar duniya, mai juyawa a kan sanda. Ni kuwa dama ga rawar kai, sai aka ba mahaukaci ganga.

A hunturun shekarar, Kaka, mahaifiyar Ummanmu, ta zo daga Kano neman maganin hawan jini. Ɗanta namiji ɗaya ne, Kawu, mai fataucin dabino a Gao ta ƙasar Mali. Kowace Asabar da ƙarfe uku yakan kira wayar gidanmu daga shagon maƙwabcinsa. Tun biyu da rabi Kaka take jawo kujera, ta ɗora hannu a kan wayar kamar mai tsaron tukunya.

Ni na nuna mata layin da ake auna gabas da yamma daga kansa. Na ɗora yatsanta a gefen Landan, muka gangaro Faransa da Sifen, muka ratsa Aljeriya, sai ga Gao a kan layin daidai, kafin ya wuce Burkina da Togo ya faɗa teku ta Gana. Na ce mata shi ya sa agogonmu da na Kawu ɗaya ne.

"Ashe a ƙarƙashinmu yake," in ji ta. Daga ranar, duk asuba sai ta shafa wurin ta tofa addu'a, har fentin ya dushe.

Sai aka tura agogo gaba a wata Lahadi. A makon ne rediyo ya fara cewa 'yan bindiga sun doshi garuruwan arewacin Mali. Asabar ta zo, uku ta buga, waya shiru. Uku da rabi, shiru. Maganin Kaka ya ƙare, kemis kuma ya kusa rufewa. Umma, wadda ta dawo daga aiki idonta jawur, ta ce, "Anya ba canjin agogon nan ba ne? Ko su can ba sa canzawa?"

Na ɗauko ƙwallona da gadara. "It's the same line, Umma. Layin ai bai motsa ba. In uku ce nan, uku ce can."

Suka yarda da ni, 'yar makaranta. Suka fita.

Ƙarfe huɗu daidai waya ta yi ƙara. Abin da na fara ji harbi ne, ba ƙaƙƙautawa, sannan numfashin Kawu.

"Ba ni Inna! Maza!"

Na ce ta fita.  Ya ce, "Ki ce mata..." Sai ƙofa ta ɓalle. Maza suka shigo suna ihu da yaren da ban sani ba. Na ji kan wayar ya bugi bango. Na ji ana dukan mutum da abu mai nauyi, ana ƙarawa, wani abu ya karye kamar busasshen kara. Kawu yana salati, muryarsa tana cika da ruwa. Na yi ta kiran sunansa, fitsari yana bin ƙafata. Aka yi harbi ɗaya a kusa, salatin ya yanke.

Da suka dawo na faɗa, Umma ta kwaɗa mini marin da ya jefa ni jikin firji, leɓena ya fashe. Ta ɗauki ƙwallon ta maka da ƙasa ya rabe biyu. Ta sake ɗaga hannu, Kaka ta riƙe shi.

"Me ya ce?" Kaka ta tambaye ni.

Na yi ƙarya. Na ce ya ce ta yafe masa. Ta daɗe tana kallona, ta sa gefen mayafinta ta goge mini jini.

"Na yafe masa. Ke ma na yafe miki."

Ba a taɓa samun gawarsa ba. Kaka ta mayar da agogon falo baya da hannunta, ba a sake sauya shi daga kan lokacin Gao ba har ta koma ga Allah.

Yanzu na dawo Salford da zama, wayoyi da kansu suke canza lokaci, 'ya'yana ba su ma san an yi ba. Agogon Kaka yana kicin ɗina. Rabin shekara yana daidai, rabin shekara baƙi suna ce mini ya makara da awa ɗaya. Nakan ce musu bai makara ba, ƙarfe uku ne a Gao.