Maraƙin da Ya Rage a Wancan Ɓangare

A kwaleji malaminmu ya koya mana cewa kundin tsarin mulki ya raba iko ne don kada hannu ɗaya ya danne talaka: gwamna da nasa, perefe mai mulkin gunduma da nasa, magajin gari da nasa. Na haddace, na ci jarrabawa da shi.

Aure ya kai ni wani ƙauye da ke bakin iyakar Tasawa da Mayahi. Iyakar ba komai ba ce sai wata turbar amalanke. Bayan girbi kowane ɓangare hukumarsa ke sa ranar sakin gonaki ga dabbobi. Shekarar nan wancan ɓangare suka saki, namu ba a saki ba.

Akwai tsohuwar Bafulatana da ke kawo mini nono daga wancan ɓangare, ina ce mata Inna. Saniya ɗaya gare ta, sabuwar haihuwa. Saniyar ta hango harawa a ɓangarenmu, ta tsallaka turba. Aka kama ta, aka rufe a garken hukuma da ke bayan katangarmu. Maraƙin yana can ɗaure a ruga.

Ina tsakar gida na ji Inna tana roƙon mai gadi.

"Ɗana, bar ni in kawo shi ya sha, in maida shi."

"Kawo shi, tsohuwa, mu haɗa da uwar. Shi ma ai bai da izinin tsallakowa." Masu shan shayi suka kwashe da dariya.

Maigari ya ce maganar meri ce, wato ofishin magajin gari. A meri suka ce perefe ya sa ranar, ba su da ikon taɓa ta. Na can ɓangaren suka ce saniyar ba a ƙasarsu take ba. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Hantsar saniyar ta kumbura. Kukanta yana shiga har cikin sallata. Na aika da kunu a ba maraƙin, ya ƙi sha.

Da aka saki gonakinmu aka saki saniyar. Na bi Inna ruga da ɗan gero. Na tarar maraƙin ya mutu, ta cusa ciyawa a fatarsa, ta ɗinke, ta tsayar da ita gaban uwar don ta saki nono. Saniyar tana lasar fatar, Inna tana tatsa.

"Kin zo da ƙwarya?" ta ce, ba ta ɗago kai ba.